Tambayoyi da Amsoshi Kan Katangar Tsaron Kwamfuta da Ke Neman Izini Duk Lokacin da Aka Buɗe Manhaja

Akwai wani ɗan akwatin saƙo da yake ɓullowa a fuskar kwamfuta idan an buɗe wasu manhajoji, yana tambaya ko a bar manhajar ta karɓi haɗin da ke shigowa daga waje. A ƙa'ida sau ɗaya ya kamata a gan shi: a amsa, kwamfuta ta riƙe amsar, a wuce wurin. Amma sau da yawa mutum yakan danna Allow yau, gobe ya buɗe manhajar ya tarar da tambayar tana nan daram, jibi ma haka. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi Windows da Mac, domin su ne suke da wannan ɗabi'a ta tsayar da mai kwamfuta su tambaye shi.

Mece ce katangar tsaro, kuma me take tambaya takamaimai?

Katangar tsaro, wadda ake gani a rubuce da sunan Firewall a cikin saitin kwamfuta, wani sashe ne na tsarin na'urar da yake tace abin da ke shiga da fita ta hanyar sadarwa. Microsoft ta fara kunna tata kai tsaye a Windows XP tun daga Service Pack 2 na shekarar 2004, bayan ɓarnar da ƙwayoyin cutar Blaster da Sasser suka yi wa kwamfutocin da ƙofofinsu ke buɗe ga kowa. Apple kuwa ta kawo katangar da ke lura da manhaja ɗaya bayan ɗaya a Mac OS X Leopard na shekarar 2007.

Tambayar da take yi ta shafi haɗin da ke shigowa ne kawai. Idan manhaja za ta leƙa intanet ta ɗauko wani abu, katangar Windows da ta Mac ba sa tsayar da ita. Abin da ke tayar da tambaya shi ne idan manhajar ta buɗe wata ƙofa ta sadarwa mai lamba, wadda ake kira port, ta zauna tana jiran wata na'ura ta ƙwanƙwasa. Dropbox yana yin haka a ƙofa mai lamba 17500 domin musayar fayil tsakanin kwamfutocin da ke gida ɗaya, sabar wasan Minecraft tana jira a 25565, manhajojin da ke neman talabijin ko firinta a kusa kuma sukan saurara a 5353.

Na riga na danna Allow, me ya sa ba ta tuna ba?

Mafi yawan lokuta ta tuna. Abin da ya faru shi ne ba ta gane cewa manhajar da ta zo yau ita ce wadda aka ba izini jiya ba. Kamar mai gadi ne da aka ba takarda ɗauke da sunan baƙo da unguwarsu. Idan baƙon ya dawo da wani adireshi dabam, dole a sake tsayar da shi a bakin ƙofa, ko da fuskarsa ba ta canza ba.

Windows yana gane manhaja ne da cikakken adireshin fayil ɗinta a cikin faifai, wato daga harafin C har zuwa sunan da ya ƙare da exe. Harafi ɗaya ya canza a wannan adireshi, to a wurinsa sabuwar manhaja ce. Mac kuwa ya fi dogara da hatimin dijital da mai manhajar ya buga mata, wanda yake shaida cewa ba a taɓa komai a cikinta ba tun da ta fito daga hannunsa. Idan hatimin ya lalace, ko babu shi tun asali, izinin ba ya samun abin da zai maƙale a kai. Kusan duk gyare-gyaren da za a ambata a nan suna komawa ne ga wannan abu ɗaya: a sa katangar ta riƙa gane manhajar.

Ta yaya zan gano musabbabin a Windows?

A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta wf.msc, a danna Enter. Wata taga za ta buɗe, a gefen hagunta akwai Inbound Rules, wato jerin ƙa'idojin haɗin da ke shigowa. A nemo sunan manhajar a cikin jerin, sannan a ja zuwa dama har a ga layin da aka rubuta wa Program, inda adireshin fayil ɗin yake.

Abin da aka gani a nan yakan warware zancen. Idan an tarar da sunan manhajar ya maimaitu sau goma ko ashirin, kowanne da adireshin da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa a wata lamba, to manhajar tana sauya mazauni ne duk lokacin da ta sabunta kanta. Idan an ga wasu ƙa'idojin da koren alama wasu da jar alamar hani, to akwai izini da hani a kan manhaja ɗaya, kuma hani ne yake rinjaye. Idan kuwa ba a ga sunan manhajar ko sau ɗaya ba duk da an sha danna Allow, to amsar ba ta shiga ba ne tun farko, kuma a nan sai a duba ko wata manhajar riga-kafi ce take riƙe da ragamar katangar, ko kuwa wata manhajar share-share ce take goge ƙa'idojin.

Yana da kyau a san cewa amsa guda takan haifar da ƙa'idoji biyu, ɗaya ta TCP ɗaya ta UDP, wato hanyoyi biyu da ake aika bayanai a kan hanyar sadarwa. Ganin suna ɗaya sau biyu ba alamar matsala ba ce.

Manhajata tana canza folda duk lokacin da ta sabunta. Mene ne mafita?

Wannan shi ne musabbabin da ya fi yawa, kuma shi ne ya fi wuyar kawarwa gaba ɗaya. Manhajoji irin su Discord, ta hira da kiran murya, ba sa zama a Program Files. Suna girka kansu ne a cikin foldar AppData ta mai amfani, a wata ƙaramar folda da sunanta ya ƙunshi lambar sigar manhajar. Da zarar sabuwar siga ta sauka, sai a ƙirƙiri sabuwar folda da sabuwar lamba, tsohon izinin kuma ya ci gaba da nuna foldar da ba kowa a cikinta. Java ma ta daɗe da wannan hali, domin sunan foldarta yakan ɗauki lambar siga, shi ya sa masu wasanni da manhajojin da ke tafiya a kan Java suke yawan ganin tambayar bayan kowace sabuntawa.

Da katangar Windows tana karɓar alamar tauraro a cikin adireshi, da sai a rubuta ƙa'ida ɗaya da za ta haɗe dukkan lambobin, amma ba ta karɓa. Saboda haka hanyoyin da suka rage uku ne. Ta farko, a duba ko kamfanin da ya yi manhajar yana da nau'in girkawa na dukan kwamfuta, wanda galibi fayil ɗinsa ke ƙarewa da msi, domin irin wannan yakan zauna a adireshi tabbatacce cikin Program Files. Ta biyu, idan an san lambar ƙofar da manhajar take amfani da ita, a rubuta ƙa'ida a kan ƙofar maimakon a kan manhajar, ta hanyar New Rule sannan Port. Sai dai a sani cewa wannan ya buɗe ƙofar ga duk wata manhaja da ta zauna a kanta, don haka a taƙaita shi ga hanyar sadarwar gida kaɗai, kuma ba kullum yake hana tambayar fitowa ba idan manhajar tana buɗe wasu ƙofofin dabam. Ta uku, wadda a ganina ta fi dacewa da yawancin mutane, ita ce a haƙura da amsa tambayar sau ɗaya bayan kowace sabuntawa, a kuma riƙa share matattun ƙa'idojin lokaci zuwa lokaci. Tambayar da ke zuwa bayan sabuntawa kaɗai ba lalacewa ba ce. Katangar tana aikinta ne.

Manhajojin da ake ɗauka a filas ana buɗewa ba tare da girkawa ba suna da irin wannan matsala ta wata fuskar. Yau filas ɗin ya samu harafin E, gobe ya samu F, adireshi ya canza. A kwafe manhajar zuwa folda guda a cikin kwamfuta a riƙa buɗe ta daga can.

Ta yaya zan rubuta ƙa'idar da hannuna?

A fara da goge dukkan tsofaffin ƙa'idojin manhajar a cikin wf.msc, na izini da na hani. Sannan a zaɓi New Rule, a zaɓi Program, a nuna ainihin fayil ɗin exe, a zaɓi Allow the connection, a yi alama a kan irin hanyar sadarwar da ake so, a raɗa wa ƙa'idar suna. Wanda ya fi son rubutu yana iya buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, da ikon admin, wato ikon mai kula da kwamfutar, ya rubuta:

netsh advfirewall firewall add rule name="Manhajata" dir=in action=allow program="C:\Program Files\Manhajata\manhajata.exe" profile=private

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne nuna fayil ɗin da ba shi ne mai sauraro ba. Manhajoji da dama suna da ɗan ƙaramin fayil da aikinsa kawai ya tayar da babban, kuma babban ne yake buɗe ƙofa. A karanta adireshin da akwatin tambayar kansa ya nuna, shi ne na gaskiya.

Na danna Cancel bisa kuskure, yanzu manhajar ba ta aiki kuma tambayar ba ta dawo ba.

A Windows, danna Cancel ba ɗage magana ba ne zuwa wani lokaci. Ƙa'idar hani yake rubutawa nan take. Muddin tana nan, tambayar ba za ta sake fitowa ba, kuma ko an ƙara ƙa'idar izini a kanta hanin ne zai yi aiki. A shiga Inbound Rules a goge masu jar alamar, a rufe manhajar a sake buɗewa.

Me ya sa tambayar ke dawowa idan na koma wani Wi-Fi ko na haɗa da hotspot na wayata?

Windows yana kasa hanyoyin sadarwa gida uku: Domain ta ma'aikata, Private ta gida ko wurin da aka amince da shi, da Public ta wuraren jama'a kamar otal da filin jirgi. Kowace ƙa'ida tana ɗauke da bayanin inda za ta yi aiki, kuma izinin da aka bayar a Private ba ya tsallakawa zuwa Public. Windows 11 yana ɗaukar duk sabuwar hanyar da aka shiga a matsayin Public sai an gaya masa akasin haka. Wanda yake yawo tsakanin hotspot na waya da ɗan akwatin MiFi da Wi-Fi na ofis zai fi kowa haɗuwa da wannan, musamman idan yana yawan canza sunan hotspot ɗinsa.

Gyaran yana cikin Settings, sashen Network & internet, inda za a buɗe bayanan hanyar da ake kai a mayar da ita Private idan ta mutum ce ta kansa. Ba na ba da shawarar a yi wa manhaja alamar Public don kawai a huta da tambaya, sai idan da gaske ana bukatar baƙin na'urori su iso gare ta a irin waɗannan wurare.

Kwamfutar ta ofis ce, ba ni da ikon admin. Akwai abin da zan iya yi?

Kaɗan ne. Microsoft ta bayyana cewa idan tambayar ta fito wa wanda ba admin ba, ƙa'idar hani ake rubutawa ko me ya zaɓa. Haka kuma ma'aikatu da yawa sukan hana ƙa'idojin da aka rubuta a kan kwamfutar kanta yin tasiri, sai waɗanda suka sauko daga sashen kula da kwamfutoci. Tsohuwar manhajar Teams ta Microsoft, wadda take girka kanta a AppData na kowane ma'aikaci, ta yi ƙaurin suna wajen jefa wannan tambaya ga mutanen da ba su da ikon amsa ta. Abin yi shi ne a ɗauki hoton akwatin tambayar yadda adireshin zai fito sarai, a aika wa masu kula da kwamfutocin su tura ƙa'idar daga wajensu.

A Mac fa, me ke sa tambayar ta riƙa dawowa?

Katangar Mac a kashe take zuwa, don haka wanda yake ganin wannan tambaya shi ko wani ne ya kunna ta. Tun daga macOS Ventura na shekarar 2022 tana cikin System Settings, sashen Network; kafin nan tana cikin Security & Privacy ne. A cikin Options akwai zaɓi biyu da ya kamata su kasance a kunne: wanda ke barin manhajojin Apple na asali su karɓi haɗi, da wanda ke barin manhajojin da aka sauke masu ingantaccen hatimi. Idan na biyun a kashe yake, kunna shi kaɗai na iya kashe maganar.

Idan a kunne yake kuma tambayar ba ta daina ba, zargi ya koma kan hatimi. Hatimi yana lalacewa idan an ƙara ko an rage wani abu a cikin kunshin manhajar bayan an buga shi: sabuntawar da ta tsaya a rabi saboda wuta ko intanet ya yanke, ƙarin kayan aikin da aka cusa a cikin kunshin, manhajar share-share da ta cire fayilolin harsuna don rage nauyi, ko manhajar da ke rubuta bayananta a cikin jikinta. Manhajar da aka fasa don kauce wa biyan kuɗi ita ma hatiminta na asali ya riga ya tafi, kuma wannan ce ta fi cancantar a danna mata Deny. Ana gane halin da hatimi yake ciki ta buɗe Terminal, tagar rubuta umarni ta Mac, a rubuta:

codesign --verify --deep --strict --verbose=2 /Applications/Manhajata.app

Idan amsar ta ce valid on disk, hatimin lafiya lau yake. Idan ta yi ƙorafin cewa wani fayil ya ɓata ko an sauya shi, an gano bakin zaren. Gyara mafi tsafta shi ne a jefa manhajar a kwandon shara, a cire sunanta daga jerin katangar da alamar ragi, a sauko da sabuwa daga shafin masu ita, a sake amsa tambayar sau ɗaya.

Akwai kuma wani musabbabi da ba kowa ya san da shi ba. Tun daga macOS Sierra na shekarar 2016, idan aka buɗe manhajar da aka sauke daga intanet tana nan a inda ta sauka, kamar foldar Downloads, tsarin yakan tafiyar da ita daga wani ɓoyayyen adireshi na wucin gadi maimakon ainihin wurinta. Jan ta da Finder zuwa foldar Applications shi ne yake kawo ƙarshen wannan.

An ce in buga wa manhajar hatimi da kaina. Shin babu haɗari?

Umarnin da ake nufi shi ne:

sudo codesign --force --deep --sign - /Applications/Manhajata.app

Yana goge hatimin da ke kai ya maye gurbinsa da na wucin gadi wanda ba ya ɗauke da sunan kowa, kuma sau da yawa yana kashe tambayar, domin yanzu hatimin ya dace da abin da ke cikin kunshin. Amma yana da farashi. Shaidar da ke nuna daga wa manhajar ta fito ta tafi. Izinin da aka taɓa ba ta na kyamara da makirufo da kalmomin sirrin da ke ajiye a Keychain, ma'ajiyar sirrin Mac, na iya rushewa. Wasu manhajojin ma sukan ƙi tashi sam domin sun rasa ikon musamman da ke ɗaure da hatimin asali. Sabuntawa ta gaba kuma za ta iya mayar da hannun agogo baya. Saboda haka ya dace ne da tsohuwar manhajar da masu ita suka daina kula da ita, wadda kuma aka tabbatar da inda aka samo ta. Kada a gwada shi a kan manhajojin Apple na asali ko waɗanda aka sauke daga App Store.

Idan jerin katangar ne da kansa ya rikice, ana iya gyara shi a Terminal da umarnin socketfilterfw da ke cikin /usr/libexec/ApplicationFirewall, ta amfani da --listapps don ganin jerin, --remove don cirewa, --add da --unblockapp don mayarwa da ba da izini. Tsohuwar dabarar goge fayil ɗin com.apple.alf.plist ta daina amfani daga macOS Sequoia na shekarar 2024, domin ba a can ake ajiye saitin ba yanzu.

Ni mai rubuta manhaja ne, duk gwajin da na yi sai an tambaye ni.

Dalilin a bayyane yake: kowane gini sabon fayil ne. Umarnin go run, alal misali, yana gina manhajar ne a foldar wucin gadi kafin ya tayar da ita, a Mac kuma hatimin wucin gadi yana canzawa da zarar an sauya layi ɗaya. Mafita mafi sauƙi ita ce a sa sabar gwajin ta saurara a 127.0.0.1 maimakon 0.0.0.0, domin haɗin da bai fita daga cikin kwamfutar ba katanga ba ta tambaya a kansa. Idan dole ne waya ko wata kwamfuta ta iso ga sabar, to a Windows a riƙa gina fayil ɗin zuwa adireshi guda tabbatacce, a Mac kuma a ƙirƙiri takardar shaidar buga hatimi ta kai a Keychain Access a riƙa amfani da ita a kowane gini.

Me zai hana in kashe katangar baki ɗaya?

Tambayar za ta daina, amma duk ƙofar da kowace manhaja ta buɗe za ta zama a fili ga duk wanda yake kan hanyar sadarwa ɗaya da kai, har da ƙofar musayar fayil ta 445, wadda ƙwayar WannaCry ta bi ta yaɗu a shekarar 2017. A gida bayan rauta, wato na'urar da ke raba intanet, haɗarin da sauƙi. A Wi-Fi na makaranta ko otal kuwa babu abin da ya rage tsakaninka da sauran jama'a.

Idan saƙon ne kawai ya ishe ka, Windows yana barin a kashe sanarwar ba tare da an taɓa katangar ba, ta cire alamar da ke kan Notify me when Windows Defender Firewall blocks a new app. Daga nan sabuwar manhaja za a hana ta shiru, sai ka tuna da hakan ranar da wani abu ya ƙi aiki ba tare da bayani ba.

Anya tambayar da nake gani ta katanga ce kuwa?

Ya kamata a tabbatar, domin ana yawan rikita su. Wadda ke dusashe fuskar Windows tana tambaya ko a bar manhaja ta yi canje-canje a na'ura ta User Account Control ce, tana kuma fitowa kullum ga manhajar da aka saita ta tashi da ikon admin. Shuɗin allon da ke cewa an kare kwamfutarka SmartScreen ne. A Mac, tambayar neman na'urorin da ke kusa a hanyar sadarwar gida wani izini ne dabam da ya zo da Sequoia, ana kuma gyara shi a Privacy & Security, sashen Local Network. Idan kuwa tambayar ta shafi haɗin da ke fita, to daga wata katanga ce da aka girka daga baya, irin su Little Snitch ko LuLu ko ta cikin manhajar riga-kafi, kuma a cikin saitinta za a nemi zaɓin da ke sa ta riƙe amsa har abada maimakon sau ɗaya.

Na gwada komai, ba abin da ya canza. Sai me?

A Windows sai a mayar da katangar yadda ta fito daga kamfani. A fara da adana ƙa'idojin da ake da su ta hanyar Export Policy a cikin wf.msc, sannan a buɗe Command Prompt da ikon admin a rubuta netsh advfirewall reset. Wannan yana share duk ƙa'idar da mutum ko manhajojinsa suka ƙara, don haka a 'yan kwanakin da za su biyo baya kowace manhaja mai sauraro za ta sake tambaya sau ɗaya, firinta ko foldar da ake rabawa a ofis kuma na iya bukatar a sake buɗe musu hanya. Idan an taɓa girka wata manhajar riga-kafi aka cire ta, a nemi kayan gogewa na musamman da kamfaninta ya tanada, domin ragowarta takan ci gaba da riƙe katangar ko bayan an ɗauka ta tafi. A kuma buɗe services.msc kamar yadda ake buɗe wf.msc a tabbatar Base Filtering Engine da Windows Defender Firewall duk suna tafiya, domin idan na farkon ya tsaya, babu ƙa'idar da za ta zauna.